Kano Zuwa Legas Ta Ƙasa: Tsohon Jirgi, Babbar Bas, Homa, Ko a Raba Tafiyar Biyu?

Duk wanda zai tashi daga Kano zuwa Legas ta ƙasa, tafiyar kusan kilomita 1,000 ko fiye ce a gabansa, kuma ko me ya hau sai dare ya same shi a waje. Shi ya sa idan ɗan'uwa ya zo neman shawara, ba da maganar kuɗi nake farawa ba. Tambayarsa nake yi: da wa za ka tafi, me ka ɗauko, kuma a ina kake so duhu ya riske ka? Na bi wannan hanya ina saurayi ina rakiyar kaya, na bi ta da iyali, na kuma bi ta da dattijo marar lafiya, kowace tafiya da abin da ta fi bukata. Jirgin sama na ajiye shi gefe, domin wanda ya samu halinsa awa ɗaya da rabi ya sauka Ikeja. Maganarmu ta masu bin ƙasa ce.

Abin da nake aunawa

Kuɗi ne farko a bakin kowa, amma kuɗin tafiya bai tsaya kan tikiti ba. Akwai kuɗin kaya da ɗan kamasho zai yanka maka, akwai na abinci da ruwa na yini da kwana, akwai na Keke Napep ko tasi daga wannan tasha zuwa waccan, akwai na masauki idan an kwana a hanya. Farashi kuma ba ya zama wuri ɗaya. Tun da aka cire tallafin man fetur a ƙarshen Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi bayanta, kuma kullum yana motsi da farashin mai da lokutan Sallah da Kirsimeti. Abin da ya fi daɗewa bai canza ba shi ne wane ya fi wane tsada, to shi zan nuna.

Na biyu tabbas: zai tashi a lokacin da aka faɗa, kuma zai kai ka ba tare da ya mutu a daji ba? Na uku sauƙin jiki, wato wurin miƙe ƙafa, ban-ɗaki, da samun yin sallah cikin natsuwa. Matashi yana iya raina wannan, amma mai ciwon suga da mace mai goyo sun san nauyinsa. Na huɗu kaya.

Na biyar shi ne haɗari, kuma iri biyu ne: hatsarin hanya da harin 'yan bindiga ko 'yan fashi. A wurina su biyun igiya ɗaya ce ta ɗaure su, wato dare. Da dare direba ke gyangyaɗi, da dare tirelar da ta lalace ba fitila take zama tarko a tsakiyar titi, da dare mai tare hanya yake samun sarari, kuma da dare taimako ke nisa. Saboda haka a kowane zaɓi zan faɗi yankin da duhu zai same ka, ka duba ko ranka ya kwanta da wurin.

Tsohon jirgin ƙasa

Layin dogo ya iso Kano a 1911 ta Baro da ke bakin kogin Kwara, a 1912 kuma aka buɗe jigila har Legas. Kafin a gama gadar Jabba, a jirgin ruwa ake ɗora taragwai a tsallake da su. Wannan layi ne ya kwashi gyaɗar Kano zuwa bakin teku ya dawo da goro, kuma yana cikin abin da ya cika Agege da Sabo ta Badun da Hausawa. Tsawonsa kilomita 1,126. Daga Kano sai Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Makwa, Jabba, Ilori, Offa, Oshogbo, Badun, Abekuta, har Iddo a Legas. Bayan ya shafe shekaru a kwance, an gyara shi jirgin fasinja ya dawo a Disambar 2012: ya bar Legas ranar Juma'a, ya juyo daga Kano ranar Litinin. A lokacin tikitin ƙaramin aji bai kai naira 2,000 ba, ɗakin kwana mai gado kuma wajen naira 5,000.

A araha babu mai kama ƙafarsa, a ɗaukar kaya ma haka. Na ga mai buhunan busasshen barkono, na ga mai keken ɗinki, na ga iyalin da suka taso da kayan ɗakin amarya gaba ɗaya, kowa ya samu wurin sakawa.

Amma abin da ya zauna mini a rai shi ne zaman cikinsa. Jirgi yana barin Kano da hantsi, kafin a kai Zariya tarago ya zama unguwa. Wata baiwar Allah ta shimfiɗa tabarma tsakanin kujeru ta kwantar da 'ya'yanta, ta buɗe kwanon dambu ta ce wa na kusa da ita, "Malam, bismillah." Wani dattijo ɗan kasuwar goro ya ɗauko carbi yana nuna wa matasa garuruwa ta taga, yana cewa ga Zungeru can inda Turawa suka ajiye hedikwatar Arewa kafin Kaduna. Mai shayi yana zagayawa da butarsa. Yaro ya gaji da zama ya tashi ya taka zuwa ƙarshen tarago ya dawo, abin da ba zai taɓa samu a mota ba. A Minna cikin dare masu talla suka yo kan tagogi da fitilu, ana miƙa kuɗi ana karɓar doya da ƙwai. Gari na wayewa muka iso Jabba. Jirgi ya rage gudu ƙwarai zai hau gada, ƙarar ƙafafunsa ta canza, mutane suka taso suka cika tagogi. Ga Kwara shimfiɗe a ƙasa, ga masunta cikin kwalekwale suna jan koma, ga dutsen nan da ya fito a tsakiyar ruwa. Da aka tsaya a tasha mata suka kawo soyayyen kifi da zafinsa, aka sauka aka yi alwala a gefen layi. Wanda ya ga wannan safiya sau ɗaya zai gane dalilin da ya sa dattawa ba sa gajiya da labarin jirgi.

Sai dai tafiyar awa 30 ce idan komai ya tafi daidai, kuma sau da yawa takan zarce. Dalilin a gininsa yake. Layin siriri ne, faɗinsa milimita 1,067, ga kwanoni masu yawa, don haka in ka raba nisan da awannin za ka ga matsakaicin gudunsa bai kai kilomita 40 a awa ba. Layi ɗaya ne kuma tilo. Idan wani jirgi na tahowa daga gaba, dole naku ya ratse a wata ƙaramar tasha ya jira har wancan ya wuce, in wancan ya makara ku ma kun makara. Ruwan ban-ɗaki yakan ƙare kafin a yi rabin hanya, saboda haka jarka da buta suna cikin guzuri.

Babbar matsalarsa tabbas. Jirgin fasinja na wannan layi ya sha tsayawa da dawowa, saboda ruwan damina da ke cinye ƙasan layi, da ɓarayin ƙarafa, da rashin tsaro. Ambaliyar Makwa ta ƙarshen Mayun 2025 ta taɓa titi da layin dogo duka. Dare kuma yana riskarsa tsakanin Kaduna da Minna da Zungeru, ta wajen Sarkin Pawa, yankin da 'yan bindiga suka addaba shekaru da dama. Kada ka gina tafiyarka a kansa da jin labari. Ka je tasha da ƙafarka, sai ka ga ranar tashi a rubuce, tikiti ya shiga hannunka, sannan ka sa shi cikin lissafi.

Babbar bas

Ita ce ake kira lagzuriyos ko Marcopolo, a Kano kuma gidanta New Road a Sabon Gari. Tun bayan bam ɗin da ya tashi a tashar ranar 18 ga Maris 2013 bincike a ƙofa ya zama ka'ida, don haka ka je da wuri. Kuɗinta yakan zo ƙasa da na ƙananan motoci, domin fasinja sun fi 50 kuma kaya ne ke biyan kaso mai tsoka na tafiyar. Man gas take sha, shi ya sa tashin kuɗinta ya bi tsadar gas da ta faro tun 2022 fiye da ta fetur.

Kujerarta tana kwantawa baya, gwiwa tana samun wuri, girmanta kuma yana shanye ramukan da za su jijjiga ƙaramar mota. Ƙarƙashinta ɗaki ne guda na kaya: dilolin atamfa daga Kantin Kwari, buhunan fata, kwalaye, duk suna shiga a ba ka rasit. Kamfanonin da suka san aikinsu suna sa direba biyu, ɗaya na tuƙi ɗaya na barci, kuma wannan kaɗai ya isa a fifita su. Ka tambaya kafin ka biya. Ka kuma tabbatar kujera mai lamba aka ba ka, ba atachi ba, wato bencin da ake jerawa a tsakiyar hanya. Atachi ya fi araha, amma kwana ne a zaune ba majingina, kuma yana toshe hanyar fita idan wani abu ya faru.

A ganina rauninta biyu ne. Ba ta tashi sai lodi ya kammala. Za a ce ƙarfe 4 na yamma, a yi Magariba ana ɗaure kaya. Sannan tafiyar dare ce tsantsa. Idan ta bar Kano da almuru, Kaduna wajen ƙarfe 10, hanyar Kaduna zuwa Abuja cikin tsakar dare, Lakwaja kafin asuba, Okene da wayewar gari, Badun da rana, Legas da yamma. Wato wuraren da aka fi jin tsoro su ne take ratsawa cikin duhu. Direbobi sukan jira juna su tafi a jere, wani lokaci su kwana a shingen jami'an tsaro sai gari ya yi haske. Idan naku ya yi haka kada ku matsa masa, ya san abin da ya hango.

In ta lalace kuwa, ta lalace. Wata tafiya bas ɗinmu ta tsaya kafin Okene, ruwan injinta ya tsiyaye. Ba kowane bakanike ne ke taɓa irinta ba, sai da aka kira wani daga Lakwaja. Muka yini a gindin bishiya, masu ƙaramar jaka suka tari wasu motoci suka wuce, mu masu kaya a ƙarƙashi ba yadda muka iya sai jira. Maganar sallah kuma sai ka yi wa kanka tanadi. Tsayawarta kaɗan ce kuma ba lallai ta dace da lokaci ba. Ka riƙe alwala, ka yi amfani da sauƙin da aka yi wa matafiyi na ƙasaru da haɗa salloli, in an tsaya cin abinci ka fara da sallah kafin tuwo. Mata sun fi shan wuya a nan, domin wani wurin da ake tsayawa ba shi da ban-ɗakin kirki.

Homa da Sienna

Waɗannan su ne motocin tashoshinmu, irin Unguwa Uku da Na'ibawa, masu sauke mutum a Agege ko Mile 12 ko Ijora, inda yawancinmu muke da masauki. Homa tana ɗaukar mutum 18, huɗu-huɗu a layi. Sienna tana ɗaukar 7, ta fi tsada, ta fi sanyi, ta fi saurin cika. Direba namu ne, yaren ɗaya, lokacin sallah na yi zai ratse masallaci ba sai an roƙe shi ba, ya kuma san inda ake sayar da tuwo mai kyau a Lakwaja. In dattijuwa ta ce, "Direba, don Allah ɗan tsaya mini," zai ce, "To Hajiya, bari mu fita daga kwanar nan." Wannan sauƙin mu'amala ba ƙaramin abu ba ne a tafiyar yini da dare.

Su ne suka fi sauri, awa 15 zuwa 18 idan hanya ta yi kyau. Amma a nan nake so mai karatu ya tsaya ya yi tunani. Direba ɗaya ne daga Kano har Legas. Abin da zai samu ya danganta da yawan sawun da ya yi, don haka zuciyarsa na kan ya sauke ya juyo. Idan kun tashi bayan Asuba, kuna Abuja da Azahar, Lakwaja da La'asar, duhu zai same ku tsakanin Owo da Akure, ku shiga Legas bayan tsakar dare. Ma'ana sa'ar da hanya ta fi bukatar idon direba ita ce sa'ar da ya riga ya yi awa 12 yana riƙe da sitiyari. Idan kuma motar ba ta cika ba sai yamma, to kun koma tafiyar dare irin ta babbar bas, ba tare da girmanta ko direbanta na biyu ba. Sauri ya haifi nawa, in ji magabata, kuma a kan wannan titi na ga gaskiyar maganar a gefen hanya fiye da yadda nake so.

Kafin ka shiga, zagaya motar ka dubi tayoyi. A gefen kowace taya akwai lambobi huɗu a jere masu nuna mako da shekarar da aka ƙera ta: 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar gwanjo da ta tsufa ita ce ke fashewa idan kwalta ta yi zafi da rana. Dubi yadda aka lafta kaya a but, in ƙofar baya ba ta rufu ba sai da igiya, bayan motar ya zauna, ka jira ta gaba. Rubuta sunanka da lambar wani naka a takardar fasinja, kada ka raina ta. Shiga a cikin tasha, kada ka tari mota a bakin titi don ragin 'yan kuɗi. Lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗura 122 ce.

Tambayi direba ta ina zai bi. A da hanyar Birnin Gwari zuwa Tegina da Makwa ita ce gajera, amma rashin tsaro ya sa aka ƙaurace mata shekaru. Saura ta Bida da Makwa da Jabba zuwa Ilori, mai tireloli da ramuka, wadda karyewar gadar Tatabu ta datse a daminar 2017. Sai ta Abuja da Lakwaja da Okene, wadda aka fi bi. Ita ma tana da lokacinta: a 2012 da 2022 Kwara ta cika ta hau titi a wajen Koton Karfe, motoci suka yi kwanaki a tsaye. Mai tafiya a Satumba ko Oktoba ya fara jin labarin ruwa.

A Homa jiki yana biyan abin da aljihu ya rage. Mutum huɗu a layi, jaka a cinya, wani lokaci buhu a ƙarƙashin ƙafa. Dogon mutum ko mai ciwon gwiwa zai sauka ƙafa a kumbure. In da hali, biya kujerar gaba ko ka koma Sienna.

Raba tafiyar: mota da sabon jirgi

Mutane da yawa suna jin an ce akwai sabon jirgi sai su ɗauka zai kai su Legas. Guntaye biyu ne kawai suka shafi wannan hanya. Na Abuja zuwa Kaduna, kilomita 186, an buɗe shi a Yulin 2016, daga Idu ta Kubwa zuwa Rigasa. Na Legas zuwa Badun, kilomita 157, an buɗe shi a Yunin 2021, daga Ebute Metta ta Agege da Abekuta zuwa Moniya. Jimilla kilomita 343, wajen kashi ɗaya cikin uku na tafiyar. Faɗin layinsu milimita 1,435 ne, don haka ba za su iya hawa tsohon layi su cike giɓin ba. An ƙaddamar da aikin Kaduna zuwa Kano mai kilomita 203 a Yulin 2021, na Kano zuwa Maraɗi kuma tun Fabrairun shekarar, amma tsakanin Abuja da Badun mota ce dole.

Ga yadda nake tsara ta. Rana ta farko ka bar Kano bayan Asuba, ka isa Kaduna da hantsi, ka ɗauki abin hawa zuwa Rigasa, wadda ke da 'yar tazara daga tashar motar Kawo, ka bar wa wannan lokaci isasshe. Jirgi ya kai ka Kubwa ko Idu cikin awa biyu da wani abu. Ka kwana Abuja. Rana ta biyu ka kama motar farko daga Utako ko Jabi ko Zuba, da direban da ya kwana ya huta, ku ratsa Lakwaja da Okene da Akure rana tsaka, ku shiga Badun da yamma, Legas da farkon dare. A wannan tsari dare yana samunka a kan gado, kuma shi ne dalilin da ya sa na fi son sa.

Cikin sabon jirgi akwai sanyi, kujera mai lamba, ban-ɗaki, da wurin cajin waya. Da shi na kai dattijon da na ambata, ya tashi ya taka sau da yawa, ya sha maganinsa a kan lokaci, muka sauka bai galabaita ba. Ana sayen tikiti ta intanet, ana neman lambar NIN ta katin ɗan ƙasa, kuma a ranakun Juma'a da Lahadi da daf da Sallah kujeru suna ƙarewa da wuri. Ka saya kafin ka baro Kano, da sunanka, kada ka dogara da masu sayarwa a bayan fage.

Ba zan ɓoye haɗarinsa ba. Ranar 28 ga Maris 2022 'yan bindiga sun dasa bam a layin kusa da Katari, suka kashe mutane suka sace fasinjoji da dama, na ƙarshensu ba su fito ba sai Oktoba. Jirgin na yamma ne, duhu ya riga ya shiga. An dawo da jigila ranar 5 ga Disambar shekarar da ƙarin tsaro. A Agustan 2025 kuma jirgin ya kauce daga layi a wajen Asham, aka dakatar da shi na makonni. Duk da haka, in aka ce in zaɓa tsakanin jirgin rana da titin Kaduna zuwa Abuja da dare, ba na dogon tunani.

Jirgin Badun kuwa amfaninsa ga mai zuwa daga Arewa bai kai yadda ake zato ba. Sawunsa kaɗan ne a rana, safe da yamma. Motar Abuja tana shigowa ta Iwo Road, Moniya kuma tana can arewacin gari, kafin ka ratsa cunkoso na yamma ya tafi. Ya dace da wanda yake da 'yan'uwa a Sabo ko Sasa, ya kwana wurinsu ya kama na safe ya sauka Agege hankali kwance. In ba haka ba, zarce da motarka.

Wannan tsari shi ya fi tsada in ka haɗa mota biyu, tikiti, tasi da masauki. Mai ɗan'uwa a Abuja ya rage babban kaso. Kuma ba na mai kaya ba ne, kowane canji sai an sauke an ɗauka, jirgin ma jakar matafiyi yake karɓa, ba buhunan kasuwa ba.

Akwai hanya ta biyar da ban sa a lissafi ba: hawa saman tirela tare da shanu ko buhuna. Na san talauci ne ke kai matasanmu can, ba ganganci ba. Amma idan tirela ta kife, kayan da ka zauna a kai su ne ke danne ka. In kuɗinka bai kai ba, gara ka ƙara kwana biyu ka cika na babbar bas.

| Ma'auni | Tsohon jirgi | Babbar bas | Homa ko Sienna | Raba tafiya |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗi | Mafi araha | Matsakaici | Homa matsakaici, Sienna sama | Mafi tsada |
| Lokaci | Awa 30 ko fiye | Awa 18 zuwa 24 | Awa 15 zuwa 18 | Kwana 2 |
| Tabbas | Sai ka ga tikiti | Kullum akwai, tashi na jinkiri | Kullum akwai, sai ta cika | Mai kyau in an sayi tikiti da wuri |
| Jiki | Ana tashi a taka | Kujera mai faɗi | Homa matsi, Sienna dama-dama | Mafi sauƙi |
| Kaya | Masu yawa | Masu yawa | Kaɗan | Jaka kawai |
| Sallah | A tashoshi | Sai ka yi tanadi | Ana tsayawa | Cikin natsuwa |
| Inda dare ke riska | Kaduna zuwa Makwa | Kaduna zuwa Lakwaja | Owo zuwa Legas | Masauki a Abuja |

Wa ya dace da me

Ɗan kasuwa mai diloli, babbar bas ce taka. Nemi mai direba biyu, karɓi rasit na kowane ƙunshi. In kayan sun yi yawa kuma kana da amintaccen mai karɓa a can, aika su su kaɗai, kai ka bi hanyar rana.

Mai tafiya da tsoho, ko marar lafiya, ko mace mai ciki, ko ƙananan yara, raba tafiyar. Kuɗin da za ka ƙara bai kai na asibiti ba idan jikin dattijo ya rikice a hanya. A rana ta biyu ka sa su a Sienna, kada ka cusa su a Homa.

Mace mai tafiya ita kaɗai, shawarata ɗaya ce da ta sama. In hali bai kai ba, Sienna ta Asuba daga cikin tasha, kujerar gefen taga kusa da wata mace, a kuma sanar da mai tarbarki tun kuna Badun domin kada ki sauka tsakar dare ki tsaya neman abin hawa.

Wanda aka kira da gaggawa, rasuwa ko rashin lafiyar wani nasa, Sienna ta farko bayan Asuba. Ka kwana kusa da tasha don kada ta cika ba kai. Zauna a gaba, ka riƙa jan direba da hira idan duhu ya yi, in ka ga idonsa ya yi nauyi ku haɗa baki da sauran fasinja ku sa shi ya tsaya ya runtsa.

Ɗalibi ko mai neman aiki da kuɗinsa ke ƙirge, babbar bas da kujera mai lamba, da guzurin gida: gurasa, ƙuli-ƙuli, dabino, ruwa. Abincin hanya yana cin kuɗi fiye da yadda ake tsammani.

Mai lokaci a hannu kuma, wanda yake so 'ya'yansa su ga ƙasar nan gari bayan gari, ya leƙa tashar jirgi ta Kano. In ya tarar na fasinja yana tashi kuma hanyar Minna ta lafa, ya sayi ɗakin kwana, ya ɗauki jarkar ruwa da tabarma da abincin kwana biyu, kuma kada ya sa wa kowa ranar ɗaurin aure ko jarrabawa a washegarin saukarsa.